Mudu Biyu A Kasuwa Ɗaya: Yadda Ake Hukunta 'Yan Ƙwallon Gabon

Daga wakilinmu a Akébé, Libreville

A daren Laraba 31 ga watan Disamba 2025, yayin da jama'ar Libreville ke shirin tarbar sabuwar shekara, mu kam a unguwar Akébé muna cunkushe ne a teburin wani mai shayi, kowa ya zuba wa talabijin ido. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Gabon, wadda ake wa laƙabi da Damisoshi, tana buga wasanta na ƙarshe a gasar cin kofin Afirka da ake yi a ƙasar Moroko. Yaranmu suka fara jefa wa Kwaddibuwa ƙwallo biyu, majalisa ta ɗauki sowa. Kafin alƙalin wasa ya hura usur na tashi, an rama biyun nan har an ƙara mana ɗaya.

Ba mu gama jimamin wannan ba, sai ga muƙaddashin ministan wasanni, Simplice-Désiré Mamboula, a gidan talabijin na ƙasa yana karanta sanarwa cewa gwamnati ta rusa ayarin masu horarwa, ta dakatar da ƙungiyar ƙasa baki ɗaya har illa ma sha Allahu, sannan ta cire mutum biyu daga cikinta, wato Pierre-Emerick Aubameyang da Bruno Ecuele Manga.

Wani dattijo mai sayar da atamfa a kasuwar Mont-Bouët, wanda ba ya fashin wannan majalisa, ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce, "Malam, kai da kake aikin rediyo, faɗa mana. Shi wannan yaro Aubameyang wane laifi ya yi a wasan yau, alhali ko ƙasar Morokon ma ba ya nan?" Na ce, "Wallahi Alhaji, yadda ka ji haka na ji, ba a faɗi laifin ba." Ya girgiza kai ya ce, "To a kasuwarmu ko yaron shago ba a kora haka."

Wannan magana ta Alhaji ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Domin tambayar ta wuce ƙwallo, ta shafi duk wanda ke da yara a ƙarƙashinsa, daga Mont-Bouët har Bitam, Kyé-Ossi da Ebebiyin: idan wanda ke ci a hannunka ya yi ba daidai ba, yaya za ka hukunta shi ba tare da ka zalunce shi ba?

Abin da ya faru a Moroko

Babu mai musun cewa Gabon ta ji kunya a wannan gasa. Kamaru ta ci ta ɗaya da nema, Mozambik ta ci ta uku da biyu, Kwaddibuwa ma uku da biyu. Wasa uku, ko maki ɗaya babu. Sai dai idan mai karatu bai manta ba, wannan Aubameyang ɗin shi ne a watan Oktoba 2025 ya zura wa Gambiya ƙwallo huɗu shi kaɗai a wasan neman zuwa gasar cin kofin duniya, kuma da taimakonsa ne Gabon ta kai zagayen cike gurbi, inda Nijeriya ta fitar da ita da ci huɗu da ɗaya a birnin Rabat cikin watan Nuwamba. A Moroko ma ya ci ƙwallo ɗaya a wasan Mozambik, kafin ya koma ƙungiyarsa ta Marseille a Faransa saboda ciwon cinya, lamarin da ya sa bai buga wasan ƙarshe ba.

Shi kuwa Ecuele Manga, haifaffen Libreville, ya sanya rigar ƙasar nan fiye da sau 100. Mutum ne da ya tsufa a bakin aiki, yana da shekara 37 a lokacin. Shi ma ta talabijin aka sanar da cire shi, ba tare da an ambaci dokar da ya karya ko ranar da zai zo ya kare kansa ba. Aubameyang ya mayar da martani a shafinsa na X, inda ya nuna cewa matsalolin ƙungiyar sun fi ƙarfin a ɗora su a kansa shi kaɗai.

Ba a cika mako biyu ba aka janye hukuncin. Sabon ministan wasanni, Paul Ulrich Kessany, wanda shi kansa tsohon ɗan wasan ƙasar nan ne, ya sanar da ɗage dakatarwar a watan Janairu 2026. Masu bin harkar sun san cewa dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana gwamnatoci tsoma baki cikin al'amuran hukumomin ƙwallo na ƙasashe, kuma ƙasar da ta yi kunnen ƙashi takan fuskanci kora daga wasannin duniya. Abin tambaya a nan shi ne, idan mutanen nan biyu sun yi laifin da ya kai a kore su, me ya wanke su cikin kwanaki kaɗan? Idan kuwa ba su yi ba, wa zai biya su mutuncinsu da aka zubar a bainar jama'a?

Ba yau farau ba

Kada mai karatu ya ɗauka ina wanke Aubameyang ne tas. Hausawa na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan wasan, wanda ya zama gwarzon Afirka a 2015 kuma babu wanda ya kai shi ci wa Gabon ƙwallaye, yana da tarihin saɓa wa dokar iyayen gidansa a wajen fili.

A watan Nuwamba 2016, ƙungiyar Dortmund ta ƙasar Jamus ta hana shi buga wasan zakarun Turai da Sporting ta Fotugal, saboda ya yi tafiya zuwa birnin Milan ba da izini ba. Wasa ɗaya aka ɗauke masa. Bayan kwana uku ya dawo fili ya ci wa ƙungiyar ƙwallo huɗu a ragar Hamburg. An sake dakatar da shi a Nuwamba 2017, da kuma Janairu 2018 lokacin da bai halarci taron 'yan wasa ba. A duk waɗannan, laifin sananne ne, hukuncin kuma yana da iyaka.

Da ya koma Arsenal ta birnin Landan ma haka. A watan Maris 2021 mai horarwa Mikel Arteta ya ajiye shi a benci a wasan Tottenham saboda ya makara. A watan Disamba na wannan shekara kuma ya tafi Faransa wurin mahaifiyarsa da ba ta da lafiya, da izinin ƙungiyar, amma ya dawo bayan lokacin da aka ɗibar masa. A ranar 14 ga Disamba 2021 aka tuɓe shi daga muƙamin kyaftin, bai kuma sake buga wa Arsenal wasa ba har ya tafi Barcelona a watan Fabrairu 2022. Wannan shi ne mutumin da ya ci ƙwallaye biyun da suka ba Arsenal kofin ƙalubale a kan Chelsea a 2020.

A nan ra'ayin majalisarmu ya rabu. Wasu sun ce shugaba shi ya fi cancanta ya kiyaye lokaci, kuma wannan ba shi ne karo na farko ba. Wasu kuma suka ce wanda ya makara saboda jinyar uwa ai uzuri ya kamata a yi masa, in ma za a ci shi tara a ci, amma ba a raba shi da aikinsa ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa.

Misalin Didier Ndong, ɗan garin Lambaréné, ya fi wannan sauƙin warwarewa. Sunderland ta Ingila ta saye shi a 2016 a kan fam miliyan 13.6, wato sama da sefa biliyan 10, kuɗin da ba ta taɓa kashewa a kan wani ɗan wasa ba kafin nan. A 2018, bayan ƙungiyar ta faɗa rukuni na uku, bai koma bakin aiki a kan lokaci ba, har aka shafe makonni ana wasa babu shi. A watan Satumba ƙungiyar ta ba shi takardar kora bisa karya yarjejeniya. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba yaro jari ya tafi saro kaya ya ƙi dawowa, ya san wannan hukunci bai zo da mamaki ba.

Inda mudun ya bambanta

Matsalar tana bayyana ne idan aka jera hukunci kusa da hukunci. Ita wannan Arsenal da ta raba gari da kyaftin ɗinta a kan makara, ta ci gaba da sanya Thomas Partey na Ghana a wasa har kwantiraginsa ya ƙare a ƙarshen watan Yuni 2025. Kwanaki kaɗan bayan haka aka tuhume shi da laifin fyaɗe, kuma 'yan sandan Landan sun bayyana cewa tun watan Fabrairu 2022 suka fara binciken. Partey ya musanta zargin a gaban kotu a watan Satumba 2025, kuma ba a kiran mutum mai laifi sai alƙali ya tabbatar.

Ita kuwa Manchester City wata hanyar ta bi. Da aka tuhumi Benjamin Mendy na Faransa da irin wannan laifi a watan Agusta 2021, nan take ta dakatar da shi, daga bisani ta tsayar da albashinsa. Kotu ta wanke shi a 2023. A watan Nuwamba 2024 kuma kotun ma'aikata ta ce a biya shi mafi yawan kuɗinsa da aka riƙe, wanda ya kai kimanin fam miliyan 11, ban da na lokacin da yake tsare saboda karya sharuɗɗan beli.

To jama'a, ƙasa ɗaya, gasa ɗaya, zargi iri ɗaya, amma wani ya ci gaba da wasa yana karɓar albashi, wani kuma an tsayar masa da komai. Dalili shi ne an bar wa kowace ƙungiya ta yi abin da ta ga dama, kuma ƙungiya, kamar kowane ɗan kasuwa, riba take dubawa. Ɗan wasan da ake buƙata a fili akan sama masa uzuri. Wanda shekaru suka fara cim masa, ga albashi mai nauyi, ƙaramin kuskure kan zame masa sanadin tafiya.

Akwai kuma inda aka yi abin a tsare. A watan Mayu 2023 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta dakatar da Ivan Toney na Brentford na tsawon wata takwas saboda ya karya dokar hana caca sau 232. Dokar a rubuce take tun kafin ya aikata, an gurfanar da shi gaban kwamiti mai zaman kansa, ya amsa laifinsa, aka kuma sassauta masa saboda ya amsa ɗin da kuma shaidar likita cewa cacar ta zame masa ciwo. Daga ƙarshe aka buga dalilan hukuncin kowa ya karanta. Ko wanda yake ganin wata takwas sun yi yawa ko sun yi kaɗan, ya san ta hanyar da aka bi aka kai can. Haka nan a kwantiragin 'yan wasan Ingila, tarar da ƙungiya za ta iya ci kai tsaye ba ta wuce albashin mako biyu, kuma ɗan wasa yana da damar ɗaukaka ƙara.

Mai dokar barci

Mu dawo gida. Idan ana maganar ladabtar da 'yan wasa a Gabon, hankali yakan tafi kan taurarin da ke Turai, a manta da ɗaruruwan yaran da ke buga gasar cikin gida a ƙungiyoyi irin su Mangasport ta Moanda, Stade Mandji ta Port-Gentil, CF Mounana ta nan Libreville, da US Bitam wadda 'yan'uwanmu na kan iyaka suka fi sani. Tun 2012 aka mayar da gasar ta ƙwararru, wato ƙwallo ta zama sana'ar da ake biyan albashi a kanta.

Amma a 2016, ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta yi bincike a tsakanin 'yan wasa kusan 14,000 a ƙasashe 54. Ta gano cewa kashi 41 cikin 100 a duniya sun fuskanci jinkirin albashi. A Gabon kuwa adadin ya haura kashi 90 cikin 100. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan Gabon, ANFPG, ta shafe shekaru tana kokawa a kan wannan bashi. Da annobar korona ta zo a watan Maris 2020 aka tsayar da gasar, ba a dawo ba sai 2022. Kimanin shekara biyu ke nan magidanta na zaune babu aiki.

Yanzu a ce yaron da ya yi wata biyar bai ga albashi ba ya yi fashin atisaye domin ya je tashar mota ko tashar jirgin ruwa ta Owendo ya yi dako ya ciyar da iyalinsa, da wane baki shugaban ƙungiya zai ce ya ci shi tara? Daga cikin wane albashin za a cire tarar? Ita kanta FIFA, tun 2018 dokarta ta ce ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu yana da ikon ya ba ƙungiya wa'adin kwana 15 a rubuce, idan ba a biya ba ya kama gabansa. Sai dai yaro nawa ne a Bitam ko Moanda yake da lauya, balle kuɗin kai ƙara kotun wasanni ta duniya da ke birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan?

Abu mafi ciwo shi ne wanda jaridar Guardian ta Ingila ta bankaɗo a watan Disamba 2021, game da lalata da ƙananan yara 'yan ƙwallo a ƙasar nan, inda aka ambaci tsohon mai horar da 'yan ƙasa da shekara 17, Patrick Assoumou Eyi, wanda aka fi sani da Capello. An kama shi a wannan wata. Amma sai a watan Maris 2025 FIFA ta yanke masa hukuncin haramcin shiga harkar ƙwallo har abada, da tarar kuɗin Suwizalan miliyan ɗaya. Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FEGAFOOT, na wancan lokaci, Pierre-Alain Mounguengui, an tsare shi kimanin wata shida a 2022 bisa zargin ƙin kai rahoton abin da ke faruwa. Ya musanta zargin, aka sake shi, ya koma kan kujerarsa.

Ban ce kada a ba manya damar kare kansu ba, haƙƙinsu ne. Abin da nake cewa shi ne, laifin da ya shafi rayuwar yaran mutane ya ɗauki fiye da shekara uku ana bin matakai ɗaya bayan ɗaya, amma 'yan wasa biyu da ba a faɗi laifinsu ba an gama da su a dare ɗaya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Maƙwabta ma sun ɗanɗana

Wannan ɗabi'a ta hukunci cikin fushi ba Gabon kaɗai ta shafa ba. 'Yan'uwanmu na Kyé-Ossi da Abang-Minko'o za su tuna abin da ya faru a watan Nuwamba 2011, lokacin da 'yan wasan Kamaru, suna birnin Marakesh, suka ƙi tafiya Aljeriya buga wasan sada zumunci saboda ba a biya su alawus ɗinsu ba. Hukumar ƙwallon Kamaru ta dakatar da kyaftin Samuel Eto'o wasa 15 a watan Disamba, jama'a suka yi ca, a watan Janairu 2012 aka mayar da hukuncin wata takwas. Wanda ya bi bashinsa shi aka hukunta. Ikon Allah, a watan Disamba 2021 Eto'o ɗin ne ya zama shugaban hukumar da ta hukunta shi.

A Nijeriya ma, bayan Super Eagles ta dawo daga gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu ba tare da ta ci wasa ko ɗaya ba, shugaba Goodluck Jonathan ya ce ya dakatar da ita shekara biyu. FIFA ta yi barazana, kafin mako ya zagayo aka janye. Duk hukuncin da aka yanke domin a sanyaya zuciyar 'yan kallo, da zarar zuciyar ta huce shi ma sai ya narke, a bar mutane da tabo.

Darasi daga kasuwa

Da na koma wurin Alhaji mai atamfa bayan an janye dakatarwar, na tambaye shi yadda suke yi idan yaron shago ya yi laifi. Ya ce tun ranar da uban yaro ya kawo shi ake faɗin sharaɗi a gaban shaidu: lokacin buɗe shago, abin da zai riƙa samu, da shekarun da zai yi kafin a sallame shi da jari. Idan magana ta taso, ba maigidan ne ke zama alƙali ba, domin shi ma mai ƙara ne. Dattawan layi ake kira, idan ta gagara a kai gaban sarkin Hausawa ko liman. A ji ta bakin maigida, a ji ta bakin yaro. Wanda ya makara ba a yi masa hukuncin wanda ya taɓa kuɗin ciniki. Idan kuma aka gano maigidan ne ya danne haƙƙin yaro, to shi za a fara sa wa ya biya kafin a saurari kukansa.

Na ce, "Alhaji, ai abin da lauyoyin Turai ke karɓar miliyoyi a kansa ke nan." Ya yi dariya ya ce, "Mu ma ba kullum muke bi ba, ɗana. Akwai masu korar yaro ana saura wata biyu sallama, su ce ya yi sata. Amma kowa a kasuwa ya san sunan wannan abin."

Gaskiyar Alhaji. Abin da ake nema ga ɗan ƙwallo bai wuce wannan ba. A rubuta doka tun kafin a yi laifi, kowa ya san abin da ke jiran wanda ya makara, wanda ya yi caca, da wanda kotu ke tuhuma. Wanda zai yanke hukunci ya kasance ba shi da riba ko asara a ciki, ba mai ƙungiya ba, ba kuma minista ba. A saurari wanda ake zargi, a auna hukunci daidai girman laifi, a bar masa ƙofar ɗaukaka ƙara wadda talaka zai iya shiga. Sannan dokar ta hau kan shugaba kamar yadda take hawa kan ɗan wasa.

Yaranmu da yawa a Akébé da sauran unguwanni sun ɗora burinsu a kan ƙwallo, wasu iyayen ma har jari suke tsakura su saya musu takalma. Kafin ka bar ɗanka ya sa hannu a takardar wata ƙungiya, nemi wanda ya iya Faransanci sosai ya karanta maka ita, ka san albashinsa, ka san laifuffukan da aka lissafa da tarar kowanne, ka kuma riƙe kwafi a gida. Mu kuma masu yara a shago, kafin mu zagi minista ko Arteta, mu duba mudun da muke auna wa na ƙasa da mu, ko shi ne wanda muke so a auna mana da shi.

Allah Ya ba mu ikon yin adalci, Ya kuma kare mu daga zaluntar wanda ke ci a hannunmu, amin.